Iman ta Iskandariyya: abin da sikeli bai auna ba

Ranar Asabar 11 ga Fabrairun 2017 wani jirgin dakon kaya na kamfanin EgyptAir ya sauka a birnin Mumbai na ƙasar Indiya, ɗauke da mace guda kwance a kan gadon da aka ƙera musamman dominta. Sunanta Iman Ahmad Abdul Ati, 'yar Iskandariyya ta ƙasar Masar, shekarunta 36, nauyinta kuma an ce ya kusa kilo 500. Kafin a kai ta filin jirgi sai da aka fasa wani sashe na bangon ɗakinta, aka sauko da ita da ƙugiya, ita da gadon gaba ɗaya. Rabonta da ta taka ƙofar gidan nan ta fita waje shekara 25.

Wata bakwai da rabi bayan wannan rana Allah ya yi mata rasuwa a Abu Dabi, bayan an ce ta sauke fiye da kilo 300. Na bibiyi labarinta a lokacin kamar yadda miliyoyin mutane suka yi, kuma har yau idan aka kawo zancen tiyatar rage ƙiba ita nake fara tunawa. Duniya ta zuba ido a kan sikeli, kullum ana tambayar kilo nawa ya rage, alhali abin da ke cin matar yana cikin ƙwaƙwalwarta da ƙodarta da zuciyarta.

A bisa abin da danginta suka faɗa, da kilo 5 aka haife ta, a ranar 9 ga Satumban 1980. Tun tana ƙarama jikinta ke ta ƙaruwa ba ƙaƙƙautawa. Da ta kai shekara 11 ƙafafu suka kasa ɗaukarta, ta koma rarrafe, makaranta ta gagara tun a firamare. An ce wa iyayenta tundurmi ne, cutar nan mai kumbura ƙafa, suka karɓa a haka. Daga baya shanyewar ɓarin jiki ta same ta, hannun dama da ƙafar dama suka daina aiki, harshe ya yi nauyi, ta kwanta ke nan. Mahaifiyarta da 'yar'uwarta su ne suka yi ta ɗawainiya da ita shekara da shekaru.

Duk wanda ya taɓa jinyar mai kwanciya ya san ma'anar wannan. Na yi jinyar gwaggona da ta yi wata tara a kwance, ita da ba ta wuce kilo 60 ba, amma juya ta daga wannan gefe zuwa wancan don kada baya ya yi gyambo sai mun zama mu biyu, ɗaya ta riƙe kafaɗa ɗaya ta riƙe ƙugu, muna haki. Ga canjin zanin gado, ga wanka da tsumma, ga zubar da fo. To a ce mata biyu ne kawai da mai nauyin manyan mutane bakwai. A ganina waɗannan mata biyu su ne likitocin Iman na farko, kuma abin da ya faru daga baya ba zai fahimtu ba sai an riƙe wannan a rai.

A ƙarshen 2016 'yar'uwar tata ta fito a intanet tana neman taimako. Kiran ya isa kunnen wani likitan tiyatar ƙiba a Mumbai, Dokta Muffazal Lakdawala, ya ce zai karɓe ta kyauta. Biza ta so ta kawo cikas, tun da mara lafiyar ba za ta iya zuwa ofishin jakadanci da ƙafarta ba, sai likitan ya roƙi ministar harkokin wajen Indiya ta lokacin, Sushma Swaraj, ta Twitter, aka kuwa ba da bizar. Asibitin Saifee ya tanadi ɗaki na musamman, jama'a suka tara gudummawa.

Da aka duba ta, jerin abin da aka samu ya fi ƙiba yawa. Akwai ciwon suga, akwai hawan jini. Ƙwayar tayirod da ke maƙogwaro ba ta aiki yadda ya kamata. Huhunta a takure yake, numfashi na ɗaukewa cikin barci. Ƙoda ta raunana, gaɓoɓi na ciwo, jiki ya tara ruwa mai yawa, ga haɗarin gudan jini ya taso daga ƙafa ya toshe huhu, abin da ke kashe masu doguwar kwanciya farat ɗaya. Likitoci na da wani lissafi da suke auna ƙiba da shi: a raba nauyin mutum a kilo da tsawonsa a mita sau kansa. Wanda ya samu 30 an sa shi a sahun masu ƙiba, wanda ya kai 40 ƙibarsa ta yi tsanani. Iman tsawonta bai kai mita ɗaya da rabi ba, lissafinta ya haura 200.

Ba a kai ta ɗakin tiyata nan take ba, kuma wannan daidai ne. Kusan wata guda aka yi ana ba ta abinci mai ruwa-ruwa mai yawan furotin, ana daidaita suga da tayirod, ana motsa mata gaɓoɓi, ana rage ruwan jiki. A wannan ɗan lokaci ta sauke wajen kilo 100, kuma likitocin da kansu sun ce kaso mai yawa na nauyin nata ruwa ne. Nan ne aka fara samun giɓi tsakanin abin da ke faruwa a kan gado da abin da ake karantawa a jarida. Mai karatu ya ga kilo 100 sai ya ɗauka kitse ne ya narke, ya ɗauka matar ta kusa miƙewa.

Ranar 7 ga Maris aka yi aikin. Irin wanda aka yi mata likitoci na kiransa silib, wato hannun riga, saboda siffar da tumbi ke komawa. Ba a farke ciki. Ana huda ƙananan ƙofofi a fatar ciki, a hura iska don a samu sarari, a zura kyamara da dogayen kayan aiki, likita na kallon allo yana aiki. Da wata na'ura mai yanka tana ɗinkewa lokaci guda ake bin tumbin daga ƙasa zuwa sama, a cire wajen kashi 75 zuwa 80 cikin 100, a bar siririn bututu kamar ayaba. Abin da aka cire ya tafi ke nan har abada. Amfanin aikin biyu ne. Na farko, tumbin da ya rage ba ya ɗaukar abinci sai kaɗan. Na biyu, ɓangaren saman da aka cire shi ne ke samar da mafi yawan girelin, sinadarin da ke tada wa mutum yunwa, don haka sha'awar abinci ma takan ragu.

Akwai wani aikin da ya girme shi, baifas, wanda likita Edward Mason ya fara a jihar Iowa ta Amurka a shekarun 1960. Shi kuma ana ware ɗan ƙaramin aljihu a saman tumbi, a haɗa shi kai tsaye da ƙananan hanji, abinci ya tsallake sauran tumbin da farkon hanjin. Ya fi ƙarfi a kan ciwon suga, amma ya fi daɗewa a kan teburi, ya fi kuma hana jiki tsotsar sinadaran abinci. Asalin silib ma an ɓullo da shi ne a matsayin zangon farko ga masu nauyin da ya wuce misali, waɗanda zuciyarsu da huhunsu ba za su jure dogon barcin tiyata ba: a yi musu gajeren aiki, su rage, in da buƙata a dawo a ƙarasa. Zaɓin da aka yi wa Iman ya bi wannan hanya.

Bari in raba wani ruɗani da nake yawan ji a wajen mutanenmu. Wannan tiyata daban take da zuƙe kitse, wanda ake tsotse kitsen ƙarƙashin fata don gyaran siffa. Irin wancan aikin ne aka yi wa Stella Obasanjo a ƙasar Sifen kafin rasuwarta a Oktoban 2005, shi ya sa da yawa idan suka ji tiyatar ƙiba sai su tuna ta. Zuƙe kitse ba ya maganin suga ko hawan jini. Tiyatar tumbi kuwa magani ce ta cuta, kuma akwai hujja a kanta. Wani dogon bincike da aka fara a ƙasar Suwidin a 1987 ya bi dubban masu ƙiba shekara da shekaru, sakamakon da aka fitar a 2007 ya nuna waɗanda aka yi wa tiyata sun fi tsawon rai a kan waɗanda ba a yi wa ba. A cibiyoyin da suka ƙware, wanda ke mutuwa sanadin aikin kansa wajen mutum ɗaya ne cikin 1000. Sai dai waɗannan alƙaluma na mutanen da suka shiga asibiti da ƙafarsu ne. Iman ba ta cikin sahunsu.

An gama aikin lafiya, ɗinkin bai yi yoyo ba, nauyi ya ci gaba da sauka. Makonni kaɗan bayan haka sakamakon gwajin ƙwayoyin gado ya fito, kuma a wajena wannan shi ne muhimmin abin da aka gano a duk tafiyar. Kitsen jikin ɗan Adam na fitar da wani sinadari mai suna leftin, wanda Jeffrey Friedman da abokan aikinsa suka gano a Jami'ar Rockefeller ta Amurka a 1994. Aikinsa kai saƙo ne zuwa ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya a jiki, a rage ci. A ƙwaƙwalwa akwai maƙarɓar da ke amsar wannan saƙo. Iman ta gaji lalatacciyar maƙarɓa. Jikinta na ta aika saƙon ƙoshi, ƙwaƙwalwa ba ta ji, sai ta ɗauka ana cikin fari, ta yi ta kiran abinci. Yadda ake gadon abin kamar na sikila ne: uwa na ɗauke da rabi, uba na ɗauke da rabi, su lafiyarsu ƙalau, sai yaron da ya haɗa biyun ya kamu.

Ke nan yarinyar da ta koma rarrafe tana shekara 11 ba kwaɗayi ke damunta ba, ba kuma sangarta ba. Yunwa take ji ta gaske, irin wadda tuwo ba ya kashewa. Ina tuna irin maganganun da ake jefa wa yaro mai ƙiba a unguwa, acici, buhun masara, ana dariya, uwa ma wani lokaci tana alfahari ɗanta ya ji madara. Mafi yawan ƙiba ba ta wannan hanya take zuwa ba, irin cutar Iman ba kasafai ake samunta ba. Amma yaron da ya fara ƙiba mai tsanani tun kafin ya shiga makaranta, wanda ba ya ƙoshi ko an cika masa ciki, likitan yara ya kamata ya gan shi. Iman ta yi fiye da shekara 30 kafin wani ya gano dalili, kuma lokacin da aka gano, ɓarnar ta riga ta shiga ƙwaƙwalwa da ƙoda. Likitan nata da kansa ya ce tiyata za ta taimaka amma ba ta taɓa tushen matsalar ba.

Daga nan al'amari ya fara dagulewa. Iman ta riƙa samun jijjiga irin ta farfaɗiya. Haɗiya ta yi mata wuya, ta roba ake ba ta abinci. A ƙarshen Afrilu asibitin ya ce nauyinta ya sauko ƙasa da kilo 180. 'Yar'uwarta ta fitar da bidiyo tana ƙaryatawa, tana cewa ba a faɗin gaskiya, jikin Iman ya ƙara taɓarɓarewa, tana zargin sabuwar shanyewa ta same ta, kuma ana amfani da ita ne don neman suna. Likitocin suka musanta. A lokacin nauyin ya ragu har ta iya shiga na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, abin da a da ba ya yiwuwa, suka ce hoton bai nuna sabuwar shanyewa ba. Suka ce kuma rigimar ta taso ne da aka fara zancen sallama a mayar da ita Masar. Wasu daga cikin likitocin suka ce sun janye hannu daga jinyar.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar ruwa. Asibitin ya kai ƙarar 'yar'uwar wajen 'yan sanda, a kan ta ba Iman ruwa ta baki ba da izinin likita ba. A likitance suna da gaskiya. Wanda shanyewa ta taɓa masa haɗiya, kurɓi ɗaya na iya bin hanyar iska ya sauka a huhu, ya zama ciwon da zai tafi da shi. Amma na san ɗaya gefen ma, don na tsaya a wurin. Gwaggona ta taɓa kallona leɓɓanta sun bushe sun tsattsage, tana nuna kofi da ido, nas ta hana. Na fita baranda na yi kuka, don a tarbiyyarmu hana mara lafiya ruwa kamar rashin imani ne. Abin da ya cece ni wata tsohuwar nas ce da ta zaunar da ni, ta zana mini maƙogwaro a bayan katin asibiti, ta nuna mini hanyar abinci da hanyar iska, ta koya mini in jiƙa auduga in shafa mata a leɓe. Minti biyar ta ɗauka. Matar da ta yi shekara da shekaru tana shayar da 'yar'uwarta da hannunta, yanzu tana ƙasar da ba ta jin yarenta, an ce mata kada ta taɓa, irin wannan zama take buƙata kullum, da tafinta, tun kafin a kai ga 'yan sanda.

Ba na ganin likitocin Mumbai sun yi kuskure da suka yi aikin. Sun karɓi mara lafiyar da ta gagari kowa, sun fitar da ita daga ɗakin tiyata da rai, sun gano cutar da ba a taɓa ganowa ba. Inda nake ganin an yi sake shi ne yadda aka bar sikeli ya zama shi ne labarin. Kowane mako da sabon adadi a jarida. Iyali kuma ba adadi suka zo nema ba. Sun bar Iskandariyya da fatan za su ga Iman ta zauna, ta yi magana, wataƙila ma ta taka. Likita na cewa an ci nasara don kilo ya sauka, 'yar'uwa na kallon mutum kwance da roba a hanci tana jijjiga. Kowannensu abin da ya gani yake faɗa. Tun ranar farko ya kamata a zauna a fayyace: wannan aiki zai rage nauyi, ba zai gyara ƙwaƙwalwar da ta riga ta taɓu ba, ƙafafun da suka yi shekara 25 ba su ɗauki jiki ba kuma da wuya su sake ɗauka.

Ranar 4 ga Mayu aka ɗauke ta zuwa asibitin Burjeel da ke Abu Dabi a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, inda tawagar likitoci wajen 20 ta karɓe ta. A can aka mai da hankali kan gashin ƙashi, koyon magana da haɗiya, da kwantar mata da hankali, kuma tana tsakiyar masu jin Larabci. An ga hotunanta a zaune, tana ɗaga hannu, tana kai abinci baki da kanta. Ranar 9 ga Satumba aka yi mata bikin cika shekara 37 tare da danginta. Da asubahin Litinin 25 ga Satumban 2017 ta cika. Asibitin ya ce ciwon zuciya da gazawar ƙoda ne. Aka mayar da gawarta gida Masar. Allah ya jiƙanta.

Indiya da Masar na cikin ƙasashen da mutanenmu suka fi zuwa neman magani, kuma tiyatar ƙiba na cikin abin da ake tallata wa masu hali. Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sabunta a 2022 ta ce ana iya yi wa wanda lissafin ƙibarsa ya kai 35, ko 30 idan yana da cuta irin suga da ta ƙi jin magani. Wanda ya cancanta kada kunya ko surutun mutane su hana shi. Abin da ke damuna shi ne wanda zai je ya yi mako biyu ya dawo, ya ɗauka an gama. Makonnin farko ruwa-ruwa ne kawai, sai kunu da abin da aka dama, sai mai laushi, kafin a kai ga loma, ita ma ƙanana, a tauna sosai, ba a haɗa ci da sha. Bitamin B12 da sinadarin ƙarfe da kalsiyam da bitamin D sun zama abokan zama har ƙarshen rai, da gwajin jini lokaci-lokaci. Amai da ya ƙi tsayawa na iya ƙarar da bitamin B1 ya taɓa ƙwaƙwalwa. Zazzaɓi da bugun zuciya da sauri a kwanakin farko na iya zama alamar ɗinki ya yi yoyo, kuma wannan ba ya jiran gobe. Saurin ramewa na kawo tsakuwa a matsarmama, silib na iya tada ƙwannafi. Mace ana so ta jinkirta ɗaukar ciki shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Azumin farko bayan aiki ma sai an yi shawara da likita. Kafin mutum ya sayi tikiti, ya san sunan likitan da zai duba shi a Kano ko Kaduna ko Yamai idan ciki ya murɗa da tsakar dare, kuma ya dawo da cikakken rahoton abin da aka yanka da abin da aka bari.

Lokacin da Iman ke kwance a Mumbai, likitocinta sun yi zancen wani magani da ake kan gwajinsa, mai tsallake lalatacciyar maƙarɓar leftin ya isar da saƙon ƙoshi ta wata hanyar a ƙwaƙwalwa. Sunansa setmelanotayid, allura ce da ake yi kullum. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a Nuwamban 2020, shekara uku bayan rasuwarta, ga masu irin cutarta, kuma a lokacin an amince a fara ba yara tun daga shekara 6.